Littafin Maki

Jirgin ruwan safe ne ya kawo shi,
tare da buhunan shinkafa da batirin injin masunta.
Duk shekara biyu haka yake zuwa,
ya fi na baya kauri, baƙaƙensa sun fi ƙanƙanta.
Na ɗora shi a tebur, tebur ya yi nishi.

Ni ce Fumie, mai lissafin asibitin Likita Kuwabara.
Shekara talatin da ɗaya ina mai da ciwo lamba.
Maki ɗaya, yen goma.
Sauraren ƙirji da makinsa,
ɗinkin yatsan da ƙugiya ta tsaga da nasa,
zare ƙayar kifi daga maƙogwaro ma da nasa.
A Tokiyo ake yanka farashin,
a wani ɗaki mai dogon tebur,
masu biya a nan, masu warkarwa a can,
ana ja, ana saki, tun ganye na kan reshe
har dusar ƙanƙara ta rufe shi.

Ban taɓa ganin ɗakin ba.
An ce mutanen kirki ne, na kuwa yarda.
Tukunya ɗaya ce,
tsofaffi sun yi yawa, jarirai sun yi kaɗan,
mai riƙe da ludayi dole ya ƙirga baki.

Na lashi yatsa na bi shafi.
An ɗaga wannan kaɗan, an sassabe wancan,
an haifi sabon layi mai sharaɗi bakwai
wanda sai asibiti mai hawa goma zai cika.

To ga abin da ya faru ran Talata.
Hanyar tudu ta zaftare, mota ta tsaya a ƙasa.
Likita, mai shekara saba'in da huɗu,
ya rataya jaka ya hau matakalar dutse,
ɗari biyu da sha biyu, ya ce ya ƙirga,
har ƙofar tsohuwa Tsuneko.
Awon jini, minti uku.
Sauran sa'ar kuwa zama ya yi,
ta ba shi labarin kwalekwalen mijinta
wanda teku ta ara ba ta mayar ba.
Ya ji shi sau nawa? Bai ce ba.
Ya gyara mata lagwanin murhun kananzir,
ya rarraba ƙwayoyinta a ƙananan kofuna,
na safe daban, na dare daban.

Ziyarar gida tana cikin littafi, na same ta.
Matakala babu.
Lagwani babu.
Na nemi layin da ya ce "ya zauna",
na duba gaba, na duba baya,
har shayina ya huce.

Ɗansa yana Osaka, likita ne shi ma,
inda na'ura ɗaya kan tara kafin azahar
makin da muke tarawa a mako.
Ba na ganin laifinsa. Yana da 'ya'ya.

Da yamma Likita ya leƙo, yana goge tabarau:
"Fumie, za mu ga littafi na gaba?"
Na danna kalkuleta sau biyu, don kada in dube shi.
Na ce, in rufin ya yi haƙuri,
in ba a dawo mana da takardu da jan layi ba,
in gwiwarka ta yarda.
Ya yi dariya, ya ce sharuɗɗana sun fi nasu sauƙi.

Kafin goma ga wata zan tura lissafi,
daidai da ƙa'ida, ba ƙari ba ragi.
Tsuneko ta aiko da busasshen kifi a tsohuwar jarida.
Shi ma ban san shafinsa ba.

Tsoffin littattafan ba mu zubar ba.
Na ɗaure uku da igiyar koma,
na ajiye gindin gadon awo,
su tsofaffi ke takawa su hau.
Wannan sabon, mai ƙanshin tawada,
ya jira shekara biyu.
Za a taka shi.